Makahon Dutsen Masama

Ran da abin ya fara, Delu tana tsugune gaban murhu tana kwashe tuwo. Rana ta riga ta sauka bayan rumbuna, awaki suna shigowa gida ɗaya bayan ɗaya. Mijinta Abdulgani yana bakin ɗaki zai yi alwala, yana lalubar buta da hannu kamar yadda ya saba tun da idanunsa suka fara rauni. 'Yarsu Huseina tana ɗaure tunkiya a turke. Babu iska, babu hadari. Sai dutse ya faɗo tsakar gida, tsakanin murhu da randa.

Delu ta ɗaga kai, ta ce aikin yaran maƙwabta ne. Ba ta rufe baki ba na biyu ya faɗa cikin tukunyar miya. Na uku ya sauka a kan jinka, ya gangaro a hankali, ya tsaya daidai ƙafar Huseina.

"Miƙo mini guda," in ji Abdulgani.

Ta miƙa masa. Ya juya shi a tafin hannu, ya kai hanci. Marmara ce mai sanyi da danshi, tana warin kashin jemage. Babu irin wannan dutse a cikin Masama, kuma ya san inda yake. Ya ajiye shi a gefe, ya ƙarasa alwalarsa.

Abdulgani masaƙi ne. A shekarun nan da Nasara ba su daɗe da shigowa ƙasar Gwandu ba, sunansa ya kai kasuwanni masu nisa saboda kyan saƙarsa. Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Da fari zare ne yake ɓace masa, daga baya ƙoshiyar saƙa, daga baya fuskokin mutane suka koma kamar ana hango su ta cikin hayaƙi. Ya sha magani, ya sa kwalli iri-iri, bai ga sauƙi ba. Da ya tabbata duhu ne ke tafe, sai wata sha'awa ta kama shi wadda mutanen gari suka kasa ganewa. Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa a duƙe cikin rumfar saƙa, ya ce yana so ya ga duwatsun da ke kewaye da garinsu kafin a rufe masa ƙofa.

Huseina ce ke yi masa jagora. Ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, kuma ita kaɗai gare su, domin Hassanarta ta rasu tun suna goye. Sukan fita bayan asuba da gorar fura da ɗumame, su dawo kafin magariba. Ƙarshen damina ne, ƙasa ta yi kore shar. Yau su bi kwazazzabo inda ƙorama ke gudu a kan jan dutse, gobe su hau tudu mai shimfiɗaɗɗen kai, su ratsa sabara da geza, zabin daji suna tashi gabansu. Abin da ke kusa yana ɗan gani. Abin da ke nesa kuwa sai ya dafa kafaɗarta ya ce, "Mi kika gani?"

Ita kuma Allah ya ba ta baki. Ba ta cewa ga fadama kawai. Sai ta ce ruwan ya kwanta cikin shinkafa kamar an fasa madubi, balbelu sun jeru a bakinsa, giginyoyi uku sun haɗa kai suna shawara. Ya yi ta dariya yana cewa ta ƙara. Bai taɓa jin daɗin duniya kamar na waɗannan ranaku ba.

Fitarsu ta ƙarshe, sun hau dutsen da ya fi kowanne tsawo a gabas da gari. A gindinsa suka haɗu da Sambo, Bafillacen da ke kiwo a wajen, abokin Abdulgani tun suna samari. Ya ce musu su ba sa kai shanu ta fuskar kogon da ke can sama, shanun ma ba sa yarda. Abdulgani ya yi masa godiya, amma suna kaiwa sama ruwa ya tsinke, babu mafaka sai bakin kogon. Suka raɓe a nan. Da ruwan ya ɗauke, gari ya wanke tas, Huseina ta tsaya ta zana masa ƙasar duka: ganuwar Gwandu can nesa, gonakin gero sun yi kai, hayaƙin garin Dodoru, bakan gizo ya sa ƙafa ɗaya cikin tafki. Tana cikin magana wani abu ya ja dogon numfashi a bayansu, daga can cikin duhu. Abdulgani ya ce rema ce, 'yar dabbar nan ta cikin duwatsu. Suka sauko da sauri.

Washegari da yamma dutse ya faɗo gidansu.

Tun daga ranar, duk lokacin da rana ta yi ja, jifa take farawa. Ba ta taɓa samun mutum ba, amma ta fasa randa, ta fasa tukwane, ta kori kaji daga gida. Maƙwabta suka hau katanga da sanduna suna dubawa, ba su ga kowa ba. Duwatsun suna faɗowa ne daga sama kai tsaye, kamar akwai mai sakinsu. Ana cikin haka aka fara jin murya a bayan zana, muryar tsoho, ƙasa-ƙasa, mai haƙuri.

"Mi kika gani? Hwaɗa mini."

Abdulgani ya ji maganarsa a bakin wani. Delu ta rungume yarinyar ta shige ɗaki da ita, tana karanta duk abin da ta iya.

Wani dare jifa da murya suka ɗauke gaba ɗaya. Da gari ya waye Delu ta yi hamdala, ta dama kunu ta raba wa yara sadaka. Amma da hantsi ta tarar da Huseina a tsugune gaban kaskon ruwa, tana kallon ƙudan da ya faɗa ciki, ba ta ƙiftawa. Ta kira ta, ba ta waiwayo ba. Yarinyar ta yini tana bin abubuwa da ido, ganyen ɗorawa, gashin zakara, zaren da ke rataye a rumfar ubanta, tana kallonsu da wata irin yunwa, bakinta a buɗe. Ba ta ci, ba ta magana. Da aka hura wuta ta kai fuskarta har girarta ta babbake.

Sannan ta gano rana.

Delu ce ta same ta da azahar a bayan rumbu, ta ɗaga kai sama, ta kafa wa rana ido, hawaye suna zuba har wuya, tana murmushi. Da ƙyar mata uku suka ja ta ɗaki. Suka ɗaure mata ido da tsumma, ta yi ta kururuwa da muryar da ba tata ba, tana yaƙushin fuskarta, sai da aka ɗaure hannuwan su ma. Duk sanda aka yi sakaci, sai a same ta a waje ta cire tsumman, fuska sama.

Limamin gari ya yi rubutu, ta furzar. Aka turara mata hayaƙi, ta yi dariya. Idanun suka kumbura suka fara ruwa. Abdulgani ba ya iya ganinsu, sai dai ya shafa da yatsa ya ji zafinsu kamar garwashi.

"Kai kaj ja ta can," Delu ta ce masa wata rana, ba da faɗa ba, muryarta ta riga ta dushe. "Mutane na zaune gidajensu da ciwonsu. Kai kac ce sai ka ga dutse. To ga shi an gani."

Abdulgani ya miƙe. Ya fita yana dafa katanga har bayan gari, ya tsaya yana kiran Sambo har aka nuna masa rugar. Sambo ya saurare shi, sannan ya ce akwai wani Malam Atiku a Diggi, cikin ƙasar Kalgo, wanda aka ce aljanu suna jin maganarsa. Amma ya tsufa, ba ya zuwa ko'ina.

"Kai ni," in ji Abdulgani.

Suka tafi, Sambo yana jan jaki. Hanyar ta bi ta cikin tuddai da fadamu, irin ƙasar da a da Abdulgani zai roƙa a tsaya a gaya masa kamanninta. Wannan karon ya sunkuyar da kai, ko Sambo ya ce ga gulbi ba ya ɗagowa. Abin da yake lissafi kawai shi ne, duk ranar da ta fito a kansa, ta fito a kan idon 'yarsa.

Sun sami Malam Atiku a zaurensa, ɗan ƙaramin tsoho mai farin gemu, da littattafai a gafaka rataye a bango. Ya ji bayani, ya ce zai ba su rubutu da laya su koma. Abdulgani ya ce an yi rubutu. Malam ya ce ƙafafunsa ba su da sauran tafiya. Sai Abdulgani ya laluba ya kama gefen rigarsa, ya kifa goshi a ƙasa.

"Allah shi gafarta malam, ni na san duhu. Ina shiga cikinsa kullum kaɗan-kaɗan, kuma na girma, na ga rabona. Ita ba ta ga komi ba tukuna. In ba ka tahi ba, ni ma ba ni tashi nan."

Malam ya daɗe yana kallonsa. Daga nan ya ce a ɗaura wa jakin shimfiɗa mai laushi.

Sun iso Masama bayan la'asar. Gidan ya yi tsit, babu kaza, babu akuya, maƙwabta sun daina shigowa. Delu ta rame kamar ita ce majinyaciyar. Malam ya yi alwala, ya sa aka fito da Huseina tsakar gida inda inuwar ɗaki ta rufe rana, aka zaunar da ita a kan tabarma, uwar ta riƙe ta ta baya. Ya ce a kwance tsumman. Delu ta yi jinkiri, ya sake cewa a kwance.

Ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta yankewa. Ya yi Fatiha, ya yi Ayatul Kursiyyu, ya shiga surar aljanu, yana tofawa a ruwa yana yayyafa mata. Da fari ba ta motsa ba. Can sai jikinta ya fara karkarwa, ta sandare, ta yi wani gunji da ya sa Sambo ja da baya har bakin zaure. Malam bai tsaya ba sai da bakin yarinyar ya buɗe, muryar tsohon nan ta fito.

"Bari. Kana ƙona ni."

"Kai wa na?" in ji Malam.

"Mai kogo."

"Musulmi ko kahiri?"

"Na daɗe ba wanda yat tambaye ni. Ban sani ba."

"Mi yak kawo ka jikin ɗiyar mutane?"

Muryar ta ce shi makaho ne, haka aka haife shi. Danginsa sun tashi daga dutsen tun lokacin da mutane suka sare kurmin da ke gindinsa, suka bar shi domin ba ya ganin hanya. Yana zaune cikin kogo, ba ya jin komai sai jemagu da ɗigon ruwa. Bai san akwai abin da ake kira kore ba, bai san ruwa yana da fuska ba, sai ran da yarinyar nan ta tsaya a ƙofarsa tana magana. Ya bi muryarta don ta ƙara masa. Ya yi jifa don a kula shi, ba a kula shi ba. Da ya shiga jikinta, ya buɗe ido, sai ya ga ashe abin ya fi yadda ta faɗa.

"Kana kashe mata ido," in ji Malam.

"Ban iya bari. Kai in an ba ka ruwa bayan ƙishin shekara dubu, kana iya kurɓa kaɗan?"

"Ruwan ba naka na ba. Hita."

Malam ya ci gaba da karatu. Aljanin ya yi ihu, ya yi zagi, ya yi kuka. Sai kuma ya natsu, kan yarinyar ya juya a hankali zuwa inda Abdulgani yake durƙushe.

"Masaƙi, kai ka san abin da nika hwaɗi. Bari mu yi magana ni da kai. Yanar da ke idonka, da yatsa guda nika share ta. Ka koma saƙarka, ka hau duwatsunka. Ita ka bar mini. Ba ni kashe ta, tana ci tana sha."

"Kada ka amsa mashi," Malam ya ce. "In yana iya warkar da ido, da ya warkar da nashi."

"Nau ba ciwo na ba, halitta ta. Duba, masaƙi."

Abdulgani ya ji kamar an hura masa iska mai sanyi a fuska. Ya ƙifta, sai hayaƙin ya yaye.

Ya ga komai. Ya ga tsagar da ke jikin katanga da tururuwa suna bi. Ya ga rigar Malam, har ya gane inda masaƙinta ya yi kuskure a zare. Ya ga Delu, da furfurar da bai san ta yi ba, da ramin da ke ƙarƙashin idanunta. Ya ga rumfarsa, saƙar da ya bari rabi tana nan a miƙe, baƙi da fari, tana jiransa. Bayan katanga kuma ga sararin sama, shuɗi mai zurfi, shirwa tana shawagi.

Malam ya dakata da karatu. Inuwa tana ta tsawo a tsakar gida, Abdulgani yana ta kallo, kansa yana juyawa nan da can, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

"Maigida," Delu ta ce a hankali.

Sai ya sauke ido a kan 'yarsa. Tun da ciwonta ya fara bai ga fuskar ba, da yatsa kawai ya san ta. Idanun sun yi jajir kamar an yanka nama, gefensu ya tsattsage, ruwa mai kauri ya bushe a kumatunta. A na hagu wani farin tabo ya fara zama. Kuma daga cikinsu wani ne yake kallonsa, yana jira.

Ya sa tafin hannu ya rufe fuskarsa.

"Mai da mini abuna," ya ce. "Ba ni so. Malam, karanta."

Malam ya ɗaga murya. Wannan karon bai saurari kuka ba. Aljanin ya ce a bar shi zuwa girbi, Malam ya ce a'a. Ya ce zuwa gobe, Malam ya ce a'a. Ya ce to a riƙa kawo masa yarinyar bakin kogo tana gaya masa, ba zai taɓa ta ba. Malam ya ce babu alkawari tsakanin ɗan Adam da irinsu, abin da zai samu kawai shi ne ya fita da ransa, in kuma ya ƙi, a nan zai ƙone. Muryar ta yi ta raguwa har ta koma kamar ta mai jinya.

"To abu guda. Ban taɓa ganin gidana ba. Sun tsare ni ɗaki. A nuna mini shi, in hita. Na rantse da wanda kaka karanta maganatai."

Malam ya yi tunani, ya duba inda rana take. Ta koma yamma, dutsen kuwa yana gabas. Ya ce a tayar da yarinyar. Delu da Sambo suka riƙe ta har ƙofar gida, suka juya mata baya ga rana. Can bayan gonaki dutsen yana tsaye, hasken yamma ya mai da shi ja, kogon ɗan baƙin ɗigo ne a kafaɗarsa.

Idanun suka daɗe a kansa.

"Ashe ɗan ƙarami na," in ji muryar.

Huseina ta yi atishawa mai ƙarfi, ƙafafunta suka saki, ta sulale a hannun uwarta. Wata guguwa 'yar ƙarama ta tashi a bakin ƙofa, ta bi ta cikin gero ta nufi gabas. Daga masallaci aka kira magariba.

Da Abdulgani ya sauke hannu daga fuskarsa, ko hayaƙin da ya saba gani babu. Duhu ne sosai, kuma bai sake yayewa ba har ƙarshen ransa.

Malam Atiku ya kwana biyu yana wanke wa yarinyar ido da ruwan addu'a da na ganye, sannan Sambo ya mai da shi Diggi. Idon dama ya warke. Na hagu ya tafi da tabonsa. Jifa ba ta sake faɗowa ba, kaji suka dawo, maƙwabta suka fara shigowa gaisuwa.

Sai bayan girbi Huseina ta yi maganar. Ubanta yana zaune a zaure yana tufka igiya, sana'ar da ya koma, ita kuma tana miƙa masa rama.

"Baba, ran nan ina jin ku. Ina ciki, ban iya magana, amma ina ji."

Hannunsa ya tsaya.

"Da yat tambaye ka, ka daɗe ba ka amsa ba."

Ya so ya ce mata tsoro ne ya riƙe masa harshe. Ya so ya ce ita yake kallo tun farko. Maganar ta zo har bakinsa, ya haɗiye ta.

"Na daɗe," ya ce.

Ya kasa kunne ko zai ji tashinta, ko kukanta, bai ji ko ɗaya ba. Yana nan zaune da igiya a cinya, bai san irin kallon da take yi masa ba, kuma babu wanda zai tambaya. Can sai ya ji ta ja wani zaren rama, ta sa masa a tafin hannu, ta naɗe yatsunsa a kai.